Makullin da Bai Bar Aljihuna Ba

Shekara shida ke nan ina riƙe da aikin magatakarda a ikkilisiyarmu, kuma cikin kayan da aka danƙa mini ranar da na karɓi aikin har da wani babban littafi mai baƙin bango wanda gara ta taɓa lasar gefensa. A cikinsa ake rubuta sunan kowane jaririn da iyayensa suka kawo domin a miƙa shi ga Ubangiji, tare da ranar haihuwarsa da sunayen mahaifansa da sa hannun faston da ya yi masa addu'a. Shafukan farko tun na shekarun 1970 ne, an rubuta su da alƙalamin tawada, har shuɗin ya koɗe. Mutane da yawa a garinmu, musamman waɗanda aka haifa a gida, babu wata takarda a duniya da ta san ranar haihuwarsu in ban da wannan littafi. Ana ajiye shi a kabad ɗin ƙarfe a ofishin da ke bayan majami'a, makullin kuma yana hannuna.

A ƙarshen shekarar 2023, wata Laraba da yamma bayan an tashi daga taron addu'a, ɗaya daga cikin dattawan ikkilisiya ya tsaya a bakin ƙofar ofis yana jiran jama'a su watse. Aminin mahaifina ne tun suna samari, shi ya tsaya a kan hidimar jana'izarsa, kuma akwai wani zangon karatu a sakandare wanda ba don kuɗin da ya ciro daga aljihunsa ba da an kore ni. Na ba shi kujera, muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya rage murya.

"Ɗana, wata 'yar alfarma ce ta kawo ni."

"Haba Baba, ai umarni za ka ba ni."

Ɗansa na uku ne ya gama jami'a a makare. Ya yi shekara uku yana neman gurbin karatu, da ya samu kuma yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya cinye wata tara, na 2022 ya ƙara cinye wata takwas. Yanzu wata ma'aikata tana ɗaukar sababbin ma'aikata, amma ta ce kada mai nema ya wuce shekara 28, alhali yaron ya cika 30. Abin da Baba yake so shi ne in rubuta wasiƙa a kan takardar ikkilisiya, in buga hatimi, in shaida cewa bisa ga littafinmu an haifi yaron a 1995 maimakon 1993, domin a haɗa da takardar rantsuwa ta kotu. Ban tambaye shi yadda za su yi da sauran takardun makaranta ba. Ya ce mini kowa haka yake yi, laifin jinkirin ba na yaron ba ne, kuma babu wanda za a cuta. Biyu na farko gaskiya ya faɗa.

Amsar da na ba shi ita ce, "To, Baba, bari in duba." Duk Bahaushe ya san abin da wannan magana take iya nufi, ni ma na sani. Na riga na yanke a raina cewa ba zan rubuta wasiƙar ba, amma bakina ya kasa furta a'a a gaban mutumin da ya biya mini kuɗin makaranta. Ranar Lahadi da ya tare ni bayan sujada, sai na ce masa makullin kabad yana wurin fasto, fasto kuwa ya tafi taro a hedikwata. Tafiyar fasto gaskiya ce. Makullin kuwa yana cikin aljihun wandona na dama, ina jin sanyinsa a cinyata sa'ad da nake maganar. Mako na gaba na ce ina jin an kai littafin wurin masu gyaran bango. A mako na uku ya biyo ni gida, na hango kekensa ta taga, na kira 'yata mai shekara takwas na ce ta je ta gaya wa Kaka ba na nan.

Yarinyar ta fita, na ji ta gaishe shi da ladabi, ta ce masa Baba ya fita tun da rana, ta ma ƙara da cewa ba ta san lokacin da zan dawo ba, abin da ban sa ta faɗa ba. Muryarta ba ta yi rawa ba. Ta dawo ɗaki tana murmushi, tana kallona irin kallon yaron da ya yi aike da kyau yana jiran a ce masa madalla. Wannan murmushi ne ya hana ni barci a daren.

Wanda ya saba karatun Littafin Farawa ya san gidan da irin wannan abu ya zama gado. Ibrahim ya ce wa Fir'auna, daga baya kuma ya ce wa Abimelek, Saratu 'yar'uwarsa ce, maganar da rabinta gaskiya ne tun da ubansu ɗaya, daidai da yadda tafiyar fastonmu take gaskiya. Ishaku ya maimaita wannan dabara a kan Rifkatu, ba tare da ko rabin gaskiyar ba. Yakubu ya ruɗi Ishaku da fatar 'yan awaki a hannuwansa ya karɓe albarkar wansa, bayan shekaru kuma 'ya'yansa suka tsoma rigar Yusufu cikin jinin bunsuru suka kawo masa, ya yi ta makoki a kan ɗan da yake raye. Babu inda aka rubuta cewa wani uba a cikinsu ya zaunar da ɗansa ya koya masa ƙarya, ko da yake Rifkatu ce ta kitsa wa Yakubu tasa dabarar. A gida suka ɗauka. Ni kuwa na wuce su, domin aiken 'yata na yi.

Abin da ya fi ba ni kunya da na zauna na yi lissafi shi ne, domin in guje wa ƙarya guda a kan takarda, na yi ƙarya uku da baki, kuma duk tsawon makonnin nan ina ganin kaina mai riƙon gaskiya. Ina ce wa raina ai ni ban taɓa littafin ba, ban buga hatimi a kan zur ba. Labarin Hananiya da Safiratu a sura ta 5 ta Ayyukan Manzanni ne ya kwance mini wannan rawani. Mun saba jin labarin a lokacin wa'azin baiko, har mutane da yawa suna zaton rowa ce ta kashe su, amma maganar Bitrus ta nuna ba haka ba ne. Ya tuna wa Hananiya cewa kafin a sayar da filin nasa ne, bayan an sayar ma kuɗin yana hannunsa, yana da ikon ya ba da rabi ya ce rabi ne. Abin da ma'auratan suka so shi ne su riƙe wani kaso na kuɗin, su kuma sami irin sunan da Barnaba ya samu a ƙarshen sura ta 4 sa'ad da ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin duka. Abu biyu suka so su haɗa waɗanda ba sa haɗuwa sai da ƙarya. Ni ma haka nake: ina so in zama magatakarda mai amana a gaban Allah, in kuma ci gaba da zama ɗa mai biyayya a idon Baba, ba tare da na biya farashin ko ɗaya ba. Bitrus ya ce wa Hananiya ba mutane ya yi wa ƙarya ba, Allah ya yi wa, kuma wannan ita ce jimlar da Kirista ba ya iya kauce mata, domin ta ɗauke maganar daga tsakanin mutum da mutum ta kai ta gaban wanda ya san inda makullin yake.

Ba na cikin masu zagin kunya da kara. Na ga abin da rashinsu yake yi wa gida, kuma na gode wa Allah da aka rene ni a inda yaro ba ya kallon tsabar idon babba ya ce masa ba zan yi ba. Littafi Mai Tsarki ma bai zo ya rushe wannan tarbiyya ba, domin Bulus ya gargaɗi Timoti kada ya tsauta wa dattijo, sai dai ya roƙe shi kamar uba. Annabi Natan da ya je wurin Sarki Dawuda a kan maganar matar Uriya, bai shiga fada da zargi a baki ba. Ya fara da labarin matalauci mai 'yar tunkiya guda da attajirin da ya ƙwace ta, ya bar sarki ya yanke hukunci da kansa. Duk wanda ya san zaman fada zai yaba wannan hikima. Sai dai Natan bai tsaya a kan tunkiya ya yi sallama ya tafi ba, ya ƙarasa da cewa sarki ne mutumin. Matsalarmu ita ce muna kewaye-kewayen, amma ba ma isa inda za mu. Muna cewa "sai na duba" da "ina nan tafe" da "an kusa gamawa", muna barin mutum ya yi ta zarya har ya gaji ya gane da kansa, sa'an nan mu ce mun girmama shi. Dattijon nan ya tuƙa keke zuwa gidana da rana tsaka saboda na ƙi gaya masa abin da na sani tun ranar farko, ranar rufe karɓar takardu kuma tana ta matsowa. Ba shi na tsare wa mutunci ba, fuskata nake tsarewa.

Sa'ad da Yesu ya yi magana a kan rantsuwa a Matiyu sura ta 5, ya ce kada a rantse da sama ko da ƙasa ko da Urushalima ko da kai, sai dai i ta zama i, a'a kuma ta zama a'a, abin da ya wuce haka daga Mugun yake. Yakubu na Sabon Alkawari ya maimaita wannan a sura ta 5 ta wasiƙarsa. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin dokar hana wasu kalmomi, sai daga baya na gane inda ta dosa. Rantsuwa tana shigowa ne a wurin da maganar mutum ta yau da kullum ta riga ta yi araha. Wanda yake buƙatar ya ce "Allah ne shaidata" kafin a yarda da kuɗin da ya sayo buhun masara, ya amsa da bakinsa cewa sauran maganganunsa abin a bincika ne. Takardar rantsuwar shekaru ma asalinta taimako ce ga wanda aka haifa ba a rubuta ba, mu ne muka mai da ita hanyar sayen sababbin shekaru, har mutum ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ya shaida abin da uwar da ta haife shi za ta ƙaryata.

Saura hujjar Baba ta uku, wato babu wanda za a cuta. Doka ta tara cikin Dokoki Goma, a Fitowa 20:16, ta hana yin shaidar zur a kan maƙwabci, kuma harshen shari'a ta yi amfani da shi, inda maganar shaidu biyu take iya raba mutum da gonarsa ko da ransa, kamar yadda ta faru ga Nabot sa'ad da Yezebel ta sa mutum biyu suka yi masa ƙage domin Ahab ya mallaki gonar inabinsa. A Maimaitawar Shari'a sura ta 19 an ce idan aka kama mai shaidar zur, a yi masa abin da ya yi niyyar a yi wa ɗan'uwansa. A tamu maganar maƙwabcin yana nan, ba mu dai san fuskarsa ba. Idan gurbin aiki hamsin ne, shigar wanda ya rage shekaru tana nufin fitar wani yaro wanda da gaske bai wuce 28 ba, wanda wataƙila shi ma uwarsa ta sayar da awakinta ta biya masa karatu. A aikin gwamnatin Nijeriya ana yin ritaya ne a shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki, saboda haka shekara biyun da aka yanke yau tana iya zama shekara biyun da wani zai yi yana jiran kujerar da ya kamata a ce an tashi daga kanta. Akwai kuma wanda za a cuta kusa da gida. Wasiƙar ikkilisiya tana da daraja ne kawai domin ana zaton ba ma rubuta abin da ba haka yake ba. Akwai wata gwauruwa da wannan littafi ya taɓa fitar da ita daga rigimar haƙƙin mijinta, domin ya nuna shekarun 'ya'yanta a lokacin da ba ta da wata takarda. Ranar da aka gane hatiminmu yana bin girman mai roƙo, irinta ce za ta fara rasa abin dogara. Ina jin abin da Bulus yake nufi ke nan a Afisawa 4:25, inda ya ba da dalilin faɗar gaskiya da cewa mu gaɓoɓin juna ne.

Ba zan ɓoye ba, akwai wuraren da maganar take da wuya ƙwarai, kuma duk wanda ya ce babu bai karanta Littafin da kyau ba. Ungozomomin Ibraniyawa, Shifra da Fu'a, sun ƙi kashe jarirai maza, suka ba Fir'auna wani uzuri, aka kuma ce Allah ya yi musu alheri. Rahab ta ɓoye 'yan leƙen asiri biyu a kan rufin ɗakinta a Yariko ta ce wa manzannin sarki sun riga sun fita, amma ga sunanta cikin masu bangaskiya a Ibraniyawa sura ta 11. Agustin, wanda ya yi bishop a Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, ya yi rubutu sau biyu a kan wannan tambaya, na farko wajen shekara ta 395, na biyu wajen 420. Ya kasa ƙarya gida takwas, ya yarda cewa nauyinsu ba ɗaya ba ne, amma ya ƙi wanke ko ɗaya daga zunubi. A ganinsa tausayin ungozomomin da tsoron Allah da suka nuna aka saka wa, ba yaudarar ba. Ya kawo labarin wani bishop mai suna Firmus a Tagaste, mahaifar shi Agustin, wanda ya ɓoye wani mutum da jami'an sarki suke nema. Da suka tambaye shi, sai ya ce ba zai yi ƙarya ba, ba zai kuma ba da mutumin ba. Suka azabtar da shi bai sauya ba, har aka kai shi gaban sarki, ya kuwa samo wa mutumin gafara. Rubutun na biyu ma ya taso ne domin wasu sun so su yi shigar burtu cikin wata ƙungiya mai karkatacciyar koyarwa a Sifen don su tona asirinta, Agustin ya ce ba a yi wa Allah aiki da ƙarya. Wannan ya kamata ya shiga kunnen mu magatakarda da muke ƙara wa adadin masu zuwa sujada ƙiba kafin mu aika rahoto gunduma.

A wurinmu wannan ba tambayar aji ba ce. Waɗanda suka ga rikicin Kaduna na 2000 ko na Jos na 2001 sun san gidajen da Musulmi suka ɓoye Kirista da waɗanda Kirista suka ɓoye Musulmi, kuma ni dai ba ni da bakin da zan hukunta wanda ya tsaya a ƙofar gidansa ya ce wa masu adduna babu kowa a ciki. Ina girmama tsayuwar Firmus, ban kuma tabbata ina da irin zuciyarsa ba. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne yadda muke aron mayafin Rahab mu rufe abubuwan da ba su da alaƙa da ceton rai. Rahab wuyanta ta sa a kan wuƙa domin wasu su rayu. Ni ba wanda ya zo da adda, dattijo ne a kan keke.

Muna cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma wanda ya daɗe a ƙasar nan ya ga ƙaryar da ta yi 'ya'ya har ta gina bene. Abokan karatun yaron nan da suka gyara shekarunsu suna karɓar albashi, kuma mai Zabura ta 73 ma ya amsa cewa ƙafarsa ta kusa zamewa da ya ga arzikin mugaye. Saboda haka ba na iya ce wa kowa ya riƙe gaskiya domin tana da riba nan kusa, wani lokaci hasara ce tsagwaronta. Dalilin Kirista yana wani wuri dabam. Allahn da muke bi an ce a Titus 1:2 ba ya ƙarya, duk begenmu kuma a kan alkawarinsa yake rataye. Yesu ya kira kansa gaskiya a Yahaya 14:6, a sura ta 8 kuma ya ce Iblis uban ƙarya ne, idan yana ƙarya halinsa yake nunawa. Ta wannan fuska, duk maganar da ta fito daga bakina tana nuna gidan da na fito, kamar yadda karin harshen mutum yake tona garinsu tun bai faɗa ba.

Ranar Asabar da safe na tafi gidan Baba. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran sarƙar keke, na durƙusa na gaishe shi, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Na ciro makullin na ajiye a gabansa, na ce masa tun ranar farko yana wurina, littafin bai je ko'ina ba, kuma ranar da ya zo gidana ina ciki. Na roƙe shi gafara a kan waɗannan uku kafin in kai ga maganar wasiƙa, domin ban ga yadda zan yi masa zancen gaskiya ba alhali nawa laifin yana rufe. Sa'an nan na ce ba zan iya rubuta 1995 ba, amma a shirye nake in rubuta wasiƙar shaidar hali da shekarun gaskiya, in bayyana abin da ya jinkirta karatun yaron, in kuma kai ta da ƙafata duk inda ya ce.

Ya daɗe yana juya makullin a hannunsa, da baƙin man keke a yatsunsa. Can ya ce, "Da mahaifinka yana da rai, da ba sai na zo wurinka ba." Ban amsa ba, domin ban san ko gaskiyarsa ba ne. Ya miƙo mini makullin ya ce, "Na ji. Allah ya yafe mana duka." Mama ta aiko da kunu, muka sha ba mai cewa komai, na yi sallama.

Da yamma na zaunar da 'yata na gaya mata cewa abin da na sa ta faɗa wa Kaka ba daidai ba ne, laifin kuma nawa ne, ba nata ba. Ta tambaye ni ko za a gaya wa malamar makarantar Lahadi, na ce a'a, sai hankalinta ya kwanta ta koma wasanta.

Yaron bai nemi wancan aikin ba, ranar rufewa ta wuce. Yanzu yana koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi, albashin da ake ba shi ba ya kai shi ƙarshen wata, kuma duk sa'ad da muka haɗu yakan gaishe ni da fara'a, ban san iyakar abin da aka gaya masa ba. Baba yana nan a kujerar dattawa kowace Lahadi, shi ne ma yake miƙo mini ƙoƙo a ranar Jibin Ubangiji. Muna gaisawa, yana tambayar iyali kamar dā. Sai dai tun daga ranar nan ta zaure bai ƙara ce mini "ɗana" ba, "Magatakarda" yake kirana.